Yadda Lucky Dube Ya Shigo da Rege Tsakar Gida

A shekarar 1984 Lucky Dube ya riga ya samu abin da kowane matashin makaɗi yake roƙon Allah ya ba shi. Shekararsa 20, yana da kamfanin da ke buga masa faifai, kuma duk faifan da ya fitar da harshensu na Zulu akan sayi kwafi wajen 30,000. Ga yaron da ya tashi yana yi wa Turawa aikin lambu don a ɗora tukunya a gidansu, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Ana cikin haka sai ya shiga situdiyo tare da ɗan uwansa Richard Siluma, ya naɗi waƙoƙi huɗu da Turanci, a kan wani kiɗa da ba na ƙasarsu ba. Ƙaramin faifan, mai suna Rastas Never Die, kwafi 4,000 kacal aka saya. Shekara na zagayowa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta shi.

Duk mai lissafin kasuwa da ya ga haka zai lallaɓa ya riƙe abin da ke kawo kuɗi. Shi kuwa ya ƙi sakin kiɗan rege. Taurin kan nan ne ya sa bayan shekara biyar muryarsa ta cika tashoshin mota da shagunan aski tun daga Soweto har ƙasar Hausa, inda samarin da ba su jin Turancinsa sosai suka riƙe shi tamkar nasu.

An haife shi ranar 3 ga Agusta, 1964, a Ermelo, garin gonaki da haƙar kwal a gabashin Transvaal, lardin da yau ake kira Mpumalanga. Ko wata biyu ba a cika ba da yanke wa Nelson Mandela ɗaurin rai da rai. Iyayensa sun rabu tun yana ciki. Uwar ta sha ɓari kafin a same shi, shi ya sa da ya zo da rai ta raɗa masa Lucky, wato mai sa'a. Ba ta zauna ta more shi ba. Neman abinci ya ɗauke ta zuwa wani gari, kakarsa ta riƙe shi da 'yan uwansa, kuma har ya girma ya yi suna bai daina ambaton tsohuwar nan da alheri ba.

Ba gidansu kaɗai ke haka ba. Tun 1948 da jam'iyyar 'yan wariya ta hau mulki, doka ce da kanta ke raba gida. A wancan zamani baƙar fata ba ya zama a birni sai da takardar fas mai nuna wane Bature yake yi wa aiki. Magidanta suna tafiya ramukan zinarin Johannesburg da kwantiragin watanni, a jibge su a barikin maza zalla, ba a yarda su zo da iyali ba. Mata suna aikatau a gidajen Turawa, suna renon 'ya'yan wasu, nasu suna ƙauye wajen tsofaffi. Wasu mazan sukan dawo da ɗan abin hannu, wasu da ciwon huhu na ƙurar rami, wasu kuwa shiru kake ji. Mai son gane waƙoƙin Lucky Dube daga nan zai fara.

Bai shiga makaranta da wuri ba. Aikin lambu ya fara, da ya ga ladan ba ya kai wa ko'ina sai ya shiga aji, a can ne kuma aka gano yana da murya. Ya shiga cikin mawaƙan makaranta, ya haɗa 'yar ƙungiya da abokansa mai suna The Skyway Band, wadda ba ta yi nisan kwana ba. Yana ɗan shekara 18 ya shiga The Love Brothers, ƙungiyar Richard Siluma, masu kiɗan mbaqanga. Shi ne kiɗan talakan baƙar fata a wancan zamani: jita mai tsalle-tsalle, fiyanon lantarki mai zaƙi, mawaƙi a gaba, 'yan amshi a baya, ana zancen soyayya da kishi da zaman birni. Manyan sana'ar su ne irin su Mahlathini da Mahotella Queens da Soul Brothers. Kamfanin Teal, wanda daga baya ya narke cikin Gallo, ya ɗauke su. Yana ɗalibi, sai an yi hutu yake zuwa Johannesburg a naɗi waƙa.

Sai dai kasuwar mbaqanga tana da shinge, gwamnati ce kuma ta kafa shi. Gidan rediyon ƙasar, SABC, ya raba baƙar fata tasha-tasha bisa harshe, ta Zulu daban, ta Xhosa daban, ta Sotho daban, don kowace ƙabila ta riƙa jin kanta ita kaɗai. Akwai kwamitin da ke bin kalmomin waƙa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta yi musu ba, sai a karce ta a jikin faifai da abu mai tsini, kada wani ma'aikaci ya yi gangancin sa ta. Mai waƙa da Zulu, Zulu kawai yake yi wa waƙa. Lucky Dube kuwa ya lura da wani abu a wuraren wasa: in ya jefa waƙar rege ɗaya ko biyu a tsakiyar mbaqanga, nan ne fili yake kacamewa da murna.

Shi wannan kiɗa ɗan Jamaika ne, tsibirin da Ingila ta cika da bayi daga Afirka don noman rake.   Ƙasar ta samu 'yancin kai a 1962, amma talakan Kingston bai ga canji a tukunyarsa ba. A unguwannin kwano da katako irin su Trench Town aka yi tashen kiɗan ska mai gaggawa, ya lafa ya koma rocksteady, zuwa 1968 ya zama rege. Sirrinsa yana cikin tafiyarsa. Mai ganga yakan bar bugun farko fayau, ya sauke nauyinsa a na uku. Jita tana sara gajere-gajere a tsakanin bugu da bugu. Babbar jita mai kaurin murya ita ke jan ragama, a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne. Kiɗa ne marar garaje, saboda haka yana bar wa magana wuri.

Maganar kuwa 'yan Rasta ne suka kawo ta. Aƙidarsu ta tsiro ne bayan naɗin Ras Tafari a matsayin Sarkin Habasha Haile Selassie ranar 2 ga Nuwamba, 1930, ta ɗora a kan kiran da ɗan gwagwarmayar Jamaika Marcus Garvey ya daɗe yana yi cewa baƙar fata su waiwayi Afirka. Suka ɗauki Selassie abin bauta, suka kira tsarin zalunci Babila, suka bar gashi ya yi tukkaye, suka mayar da tabar wiwi ibada. Da Selassie ya sauka Kingston ranar 21 ga Afrilu, 1966, taron da ya mamaye filin jirgi sai da ya hana shi saukowa na wani lokaci. Daga wannan gida aka samu rege na asali a shekarun 1970, na su Bob Marley da Peter Tosh da Burning Spear da Culture, mai zancen yunwa da 'yan sanda da bauta da komawa gida Afirka.

Afirka ta amsa. Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabwe a Afrilun 1980, shekara guda kafin rasuwarsa, Jimmy Cliff kuma ya yi nasa a Soweto a wannan shekarar. Amma wanda ya kama zuciyar Lucky Dube shi ne Peter Tosh, mafi zafin harshe a cikinsu, wanda tun 1977 ya yi wa wariyar Afirka ta Kudu waƙa ya kira ta da sunanta. Wanda ya saurari Dube na farko-farko zai ji inuwar Tosh a muryarsa, har wasu suka riƙa cewa kwaikwayo ne. Da gaskiyarsu, a farkon. Abin da ya raba su ya fito ne a faifansa na rege na biyu.

Think About the Children ya fito a 1985, shekarar da gwamnatin P. W. Botha ta kafa dokar ta-ɓaci, motocin sojoji suka cika unguwannin baƙaƙe. Kowa zai zaci matashi mai gashin Rasta ihun juyin juya hali zai yi. Sai ya yi waƙa a kan yaran da iyaye suka watsar, kuma faifan ya yi kasuwar da ta rufe bakin kamfani. A 1987 ya fitar da Slave, aka sayi sama da kwafi 500,000. Bawan da ke cikin waƙar ba Bature ne ya ɗaure shi ba, kwalba ce: magidanci ne da giya ta raba shi da mutuncinsa da iyalinsa, yana gani yana ji ya kasa bari. Masu tace waƙa ba su da abin kamawa a ciki. Jama'a kuwa sun san wa ya gina gidajen giya a ƙofar barikin leburori, sun kuma san me kalmar bawa take tayarwa a zuciyar baƙar fata. A 1988, cikin Together As One, ya ambaci wariya ƙarara, ya ce baƙi da fari su haɗu. A 1989 ya kawo Prisoner, wanda cinikinsa ya haura miliyan ɗaya, labarin yaron da aka ja wa kunne bai ji ba ya ƙare a kurkuku, da gwamnatin da ta fi son gina gidan yari a kan makaranta. A cikin faifan ne kuma akwai waƙar da ta fi kowacce taɓa mutane, Remember Me, muryar ɗa yana neman uban da ya tafi birni neman kuɗi da alkawarin dawowa, aka yi shekara da shekaru babu labari.

Nan ne gudummawarsa take, kuma ba a cika faɗinta yadda ya kamata ba. Regen Jamaika yana kallon sama da nesa, Sihiyona da Babila, sarakunan Littafi, jirgin komawa Afirka. Lucky Dube yana zaune a Afirkar da ake mafarkin komawa, ya san ba aljanna ba ce. Sai ya juyo da kiɗan zuwa tsakar gida, wajen mashayin uba, da uwar da aka bari da yara, da ɗan da ya bi abokan banza. Bai bar siyasa ba. Ya nuna ta ne a inda talaka yake haɗuwa da ita kullum.

Ko sautin ma bai ɗauko shi yadda ya same shi ba. Fiyanon nan mai zaƙi na mbaqanga ya biyo shi cikin rege, shi ya sa da an sa waƙarsa, tun kafin ya buɗe baki an san shi ne. Ga mata uku 'yan amshi, ga masu busa, ga ƙungiyarsa The Slaves da ta horu kamar sojoji. Muryarsa tana sauka ƙasa ta yi kauri, nan take kuma ta haura ta sirance. A kan dandamali ba ya tsayawa wuri ɗaya, rawar Zulu yake yi, ƙafa tana tashi sama tana dira da ƙarfi, awa biyu ko fiye. Masu suka sun ce waƙoƙinsa suna kama da juna, kuma akwai faifan da mutum zai ji haka. Amma makaɗin da aka gane shi daga bugun farko ba asara ya yi ba.

Kafin kaset ɗinsa ya iso Nijeriya, an riga an share masa fage. Zancen wariya ba baƙo ba ne a nan. Janar Murtala Muhammed ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya faɗa wa duniya cewa Afirka ta kai munzalin yanke wa kanta shawara. A shekarar aka kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da wani kaso na albashinsu, 'yan makaranta ma suna jefa kwabbansu. Thabo Mbeki ya zauna a Legas yana wakiltar ANC, jam'iyyar su Mandela. Duk mai sauraren Rediyon Kaduna ko Sashen Hausa na BBC ya san Soweto, ya san Mandela. Sannan ga matsin gida. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, ɗalibai suka fito titi a 1989. Cikin wannan ƙunci regen Nijeriya ya yi tashe: The Mandators, da Ras Kimono, da Majek Fashek, wanda faifansa na 1988 ya kwashe kyaututtuka shida na ƙungiyar mawaƙa ta PMAN a shekarar da ta biyo baya.

Hanyar da waƙa take bi ta isa ƙauye a lokacin ita ce kaset. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiya. A can ake kwafar wa'azi da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin Hausa da na Indiya da na Turawa, 'yan sari su ɗauka su watsu cikin Arewa har Nijar, daga manyan birane irin su Gusau da Sakkwato kuma kaya su gangara kasuwannin mako. Mai kaset yakan kafa teburinsa a bakin kasuwa, lasifika a ɗaure jikin sanda, batirin mota a ƙarƙashin tebur. Ka zaɓi waƙoƙinka, ya zuba maka su a fankon kaset na minti 60 ko 90, ya rubuta suna da biro a jikin kwali yadda kunnensa ya ji. A gida, don kada batir ya ƙare, da biro ake juya zaren. In rikoda ta cinye shi, a zaro a hankali, a datse inda ya yamutse, a liƙe da jan farce. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Daga dubban kwafin nan ko kwabo bai isa hannun Lucky Dube ba. Su ne kuma suka kai shi inda kamfanin Gallo bai taɓa mafarkin kai shi ba.

Kada a yi ƙari a zancen. A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Nasarawar Burkullu da Bukkuyum da Gummi, teburin mai kaset na su Musa Ɗanƙwairo ne da Narambaɗa da Ɗan Anace da Shata, sai waƙoƙin Indiya. Rege abin wasu tsiraru ne a ƙasar Hausa: ɗaliban sakandare da na kwaleji, direbobi da kwandastoci, makanikai, masu faci, masu aski, yaran barikin soja da na 'yan sanda. Kuma da tabo ya zo. A idon dattawa kiɗan 'yan wiwi ne, hoton ganye a jikin riga ya ishe su hujja, ga kuma batun bauta wa wani sarkin Habasha, wanda babu Musulmin da zai saurare shi.

Lucky Dube ya tsallake wannan shinge fiye da kowane mawaƙin rege, dalilin kuwa halinsa ne. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya shan wiwi, kuma bai ɓoye ba. Ya sha faɗa a hira cewa in Rasta tana nufin hayaƙi da ɗaukar Selassie Ubangiji, to shi ba ya ciki, in kuwa farkawa ce da sanin halin da jama'a ke ciki, yana ciki. Mabiyin cocin Shembe ne, wata ɗariƙar Kirista ta Zulu da ta hana barasa da taba. Saurayin da aka tsare shi a gida kan me yake saurare yana da amsa: mutumin nan faɗa yake yi da shaye-shaye. A cikin samarin akan samu mai ɗan Turanci ya fassara wa saura, daga bakinsa labarin waƙar ya bazu, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san wannan ta mashayi ce, waccan ta ɗan kurkuku ce.

Ga kuma gurbin da ya tarar a buɗe. Bahaushe ya san makaɗan fada masu wasa sarakuna, ya san na 'yan dambe da na manoma. Ya kuma san irin Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi ta auren dole, ya yi ta gulma da ta zaman aure. Mawaƙi mai tsayawa ya yi wa jama'a faɗa a kan halinsu, ya kuma tsaya wa na ƙasa, ba sabon abu ba ne a nan. A wannan gurbi masu saurare suka ajiye Lucky Dube.

Labarin uban da ya tafi bai dawo ba kuwa, ƙasar da ta san cin rani ba ta bukatar a yi mata bayaninsa. Bare yammacin Zamfara, yankin da shi ma zinari ya shiga rayuwarsa. A 2010 ne duniya ta ji abin da ke faruwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Bagega da Abare da Dareta da 'Yargalma. Ana kawo dutsen zinari cikin gida, a daka, a niƙa shi a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka mutu kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da hukumomi su shawo kan abin, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Johannesburg kanta a kan zinarin da aka gano a 1886 aka gina ta, kuma tun daga ranar mai shiga rami ne ke kwasar ƙura, riba tana tafiya wani wuri. Mawaƙin da ya tashi a gefen wannan tsari, ba abin mamaki ba ne maganarsa ta zauna daidai a kunnen ɗan Nasarawar Burkullu.

An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990, ƙofar duniya ta buɗe wa mawaƙan Afirka ta Kudu. A 1991 Lucky Dube ya hau dandamalin Reggae Sunsplash a Jamaika, ya kai wa masu abu abinsu da sabon ɗanɗano, suka karɓa. Victims na 1993 ya sayar da sama da miliyan ɗaya a duniya. A 1995 kamfanin Motown na Amurka ya ɗauke shi, a 1996 aka ba shi kyautar mawaƙin Afirka mafi ciniki a bikin World Music Awards. Gaba ɗaya faifai 22 ya yi cikin shekara 25, da Zulu da Turanci, har da Afrikaans, harshen masu mulkin wariya.

Abin da ya fi kyaututtukan nan daraja shi ne bai canja baki ba da mulki ya canja hannu. Tsakanin 1990 da zaɓen 27 ga Afrilu, 1994, dubban baƙar fata sun mutu a hannun 'yan uwansu a rikicin magoya bayan ANC da Inkatha, jam'iyyar da Zulu suka fi yawa a cikinta, kuma zancen Victims ke nan, cewa wanda aka zalunta ya koma yana kashe ɗan uwansa. Shi Bazulu ne, da ya so da ya zaɓi ɓangare ya samu 'yan tafi. Bai shiga jam'iyya ba. Bayan 'yanci, lokacin da mawaƙa da yawa suka koma yabon sababbin shugabanni, shi tambaya ya riƙa yi. A Taxman na 1997 ya tambayi mai karɓar haraji ina kuɗin suke tafiya. A 1999 ya yi waƙa a kan fashi da cin hanci da suka addabi sabuwar ƙasar. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Zagin azzalumin da duniya ta riga ta tsine wa yana da sauƙi a kan faɗa wa naka gaskiya.

Fashin da ya yi wa waƙa shi ya ci shi. Daren Alhamis, 18 ga Oktoba, 2007, ya kai ɗansa da 'yarsa gidan wani ɗan uwansa a Rosettenville, wata unguwa a kudancin Johannesburg. Yana cikin motarsa Chrysler 300C wasu 'yan fashin mota suka tare shi suka harbe shi. Ya yi ƙoƙarin jan motar, ta bugi wata, ta daki bishiya, nan ya cika. Shekararsa 43. Shekara 20 da wata guda kafin nan, ranar 11 ga Satumba, 1987, 'yan bindiga masu neman kuɗi suka kashe Peter Tosh a gidansa a Kingston, yana da shekara 42.

A lokacin ana kashe mutum wajen 50 kowace rana a Afirka ta Kudu, yawancinsu ba mai jin sunansu. Wannan kuwa ya girgiza ƙasar, ga shi tana shirin karɓar gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010. Shugaban ƙasar na lokacin, Thabo Mbeki, ya yi magana, 'yan sanda suka kafa runduna ta musamman, cikin 'yan kwanaki aka kama mutum biyar. A shaidar da aka bayar gaban kotu an ce maharan ba su gane shi ba, sun zaci wani ɗan Nijeriya ne. Ɗan Nijeriyar da ya taɓa ba da kwabonsa don a 'yantar da Soweto, maganar nan tana da ɗaci a gare shi, domin ma'anarta ita ce akwai wanda ake ganin jininsa ya fi araha. A Mayun 2008, wata bakwai bayan kisan, aka far wa baƙi 'yan Afirka a unguwannin ƙasar, mutum 62 suka mutu.

Ranar 31 ga Maris, 2009, kotu a Johannesburg ta sami mutum uku da laifin kisansa, aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Ya bar mata da 'ya'ya bakwai. Ɗaya daga cikinsu, Nkulee Dube, ta gaji sana'ar, faifanta na farko ya fito a 2011, kuma rege take yi.